Darasi: Dabbobi masu bin diddigi a cikin littattafan yara

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani irin littafi da ake yi domin ƙananan yara. Hotonsa yana da yawa, rubutunsa kaɗan ne. Dabbobi ne ke magana a cikinsa kamar a tatsuniya. Amma labarin kullum yana tashi daga wata ɓarna: an saci abu, ko wani ya ɓace. Sai wata dabba ta ɗauki aikin bincike, ta bi sawu har ta gano gaskiya. Ita ce ake kira mai bin diddigi.

Abin da waɗannan littattafai ke koya wa yaro abu ɗaya ne: kada a ɗora wa kowa laifi sai an sami shaida.

Mafarin abin

A shekarar 1887 wani likita mai suna Arthur Conan Doyle ya fitar da labarinsa na farko a kan Sherlock Holmes. Holmes mutumin Landan ne a cikin labarin, a ƙasar Ingila. Aikinsa gano masu laifi. Yana duban laka a takalmi, da toka, da sawun ƙafa, ya faɗi inda mutum ya fito. Labaran Holmes na manya ne.

A shekarar 1958 wata mata a Amurka, Eve Titus, ta yi wa yara nasu. Ta ƙago wani kusu mai suna Basil. Wannan kusu yana zaune a ƙarƙashin gidan Holmes. Yana laɓewa yana saurare, har ya koyi sana'ar. Da aka sace wasu ƴan kusa mata tagwaye, shi ne ya bi sawu ya maido su gida. Paul Galdone ne ya zana hotunan littafin. A 1986 kamfanin Disney ya yi silima a kan Basil.

Labarin kwaɗo da kusu

Ga misali daga ƙasar Suwidin. Ulf Nilsson ne ya rubuta shi, Gitte Spee ta yi zane. Ya fito a 2012.

Wani tsohon kwaɗo mai suna Gordon shi ne ɗan sandan daji. Lokacin ɗari ne, ƙanƙara ta rufe ƙasa. Kurege ya zo da ƙara: ana sace ƴaƴan itacen da ya ajiye a rumbunsa. Gordon ya tafi ya tsaya gadi cikin sanyi. Can sai ya ga wata ƴar kusu ta ɗauki ƙwara ɗaya.

Mai gaggawa zai ce an kama ɓarauniya, magana ta ƙare. Gordon bai yi haka ba. Ya tambaye ta. Ya gane yunwa ce ta kore ta, ba ta da gida, ba ta da ko suna. Ya kuma gane cewa wadda ta ɗauki ƙwara ɗaya ba ita ce ta kwashe rumbu ba. Ya ba ta abinci, ya raɗa mata suna, ya ɗauke ta mataimakiya. Tare suka ci gaba da neman ɓarayin ainihi.

A lura da kyau. Da Gordon ya tsaya ga abin da ya fara gani, da an zalunci maras ƙarfi, ɓarayi kuma suna nan suna cin karensu babu babbaka.

Shaida tana cikin hoto

A irin waɗannan littattafai hoto ba ado ba ne. A cikinsa ake ajiye shaida.

A ƙasar Faransa, a 1993, Yvan Pommaux ya yi littafi a kan wani baƙin mage mai suna John Chatterton. Wata uwa ta zo ta ce ɗiyarta ta ɓace, tana sanye da jajayen kaya. Magen ya shiga gari yana tsintar jajayen abubuwan da yarinyar ta yar a hanya, ɗaya bayan ɗaya. Yaro mai kallon hoto yana ganin ja a kan shafi tun kafin a karanta masa. Shi ma ya zama mai bincike.

A ƙasar Jamus, a 1989, Werner Holzwarth da Wolf Erlbruch sun yi wani littafi mai ban dariya. Wata ƴar dabba mai zama cikin rami ta leƙo waje, sai wani ya yi mata kashi a kai. Ta tafi wurin tantabara, da doki, da zomo, da akuya, da saniya, da alade. Kowa ya ce ba shi ba ne, ya nuna irin nasa. Ta duba ta ga lalle sun bambanta. A ƙarshe ƙudaje biyu, waɗanda suka san wannan fanni, suka ce na kare ne. An juya littafin zuwa harsuna da yawa, har da Faransanci.

Yadda ake gina labarin

Yawancinsu suna bin matakai huɗu:

1. Ɓarna: wani abu ya ɓata, mai shi ya kai ƙara.
2. Zato: ana tuhumar wani, sau da yawa baƙo ko mai baƙin jini.
3. Bincike: a duba sawu, a tambayi kowa, a gwada maganar wannan da ta wancan.
4. Gaskiya: shaida ta nuna mai laifi, wanda aka zarga a banza ya fita.

Ina amfaninsa?

Na farko, yana koyar da lura. Yaron da ya saba neman ƙaramin abu a hoto zai fi saurin gane bambancin b da ɓ, da na k da ƙ. Ƴar ƙugiya ce kawai ta raba su, amma tana sāke ma'ana: kafa daban, ƙafa daban.

Na biyu, yana koyar da adalci. A tatsuniya Gizo yana cin nasara da wayo da ƙarya, yara su yi dariya. Mai bin diddigi kuwa da haƙuri da tambaya yake cin tasa. Yaro yana bukatar ya san duka biyun.

Wannan ba wasan yara kaɗai ba ne. Da damina ko da kaka, in dabbobi suka shiga gona da dare, hankali yana tashi. Sau da yawa ana nuna makiyayin da ya fi kusa tun ba a duba sawu ba. Daga nan rigima ke tashi, wani lokaci har a zubar da jini. Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Yaron da ya tashi da tambayar "mene ne shaida?" zai zama dattijo mai kashe wuta.

Na uku, mutumin ƙauye ba baƙo ba ne ga wannan ilimi. Makiyayi yana raba sawun akuya da na jaki, da na raƙumi. Mafarauci yana sanin sawun jiya da na yau. Wanda ya iya karanta ƙasa, karanta takarda ba za ta gagare shi ba.

Aiki a cibiyar yaƙi da jahilci

Waɗannan littattafai da harsunan Turai aka rubuta su. Amma ɗaliban cibiya suna iya yin nasu da Hausa. Takarda huɗu da fensir sun isa.

A zaɓi ɓarna ƙarama, misali ƙwan zabo da ya ɓace. A zaɓi mai bincike, misali bushiya ko kunkuru. A takarda ta farko a zana ɓarnar. A ta biyu a zana wanda ake zato. A ta uku a zana sawu, ko gashi, ko ɓawon ƙwai. A ta huɗu a bayyana gaskiya. A ƙarƙashin kowane zane a rubuta layi biyu.

Sharaɗi ɗaya ne: shaidar ta kasance a cikin zane tun da farko, don yaro mai lura ya iya ganowa da kansa.

Wurin karanta wa yaro, kada a yi sauri. A tsaya kafin takarda ta ƙarshe. A tambaye shi wa yake zato. In ya faɗi, a sāke tambayarsa: "Me ka gani?"

Tambayoyi

1. Wane gida kusu Basil yake zaune a ƙarƙashinsa?
2. Don me Gordon bai hukunta ƴar kusu ba?
3. Su wa suka gane kashin kare?
4. A rubuta matakai huɗu na labarin bincike.
5. In an yi ɓarna a gona, me ya kamata a duba kafin a kai ƙara wurin maigari?