Yadda Wayar Android Ke Jin Girgizar Ƙasa, Da Inda Ƙarfinta Ya Tsaya

Duk wayar da allonta ke juyawa idan an kwantar da ita tana ɗauke da wata 'yar na'ura mai jin motsi, wadda ba ta kai ƙwayar wake ba. Ana kiranta aksilaromita. Ita ce ke ƙirga takun mai tafiya, ita ce kuma ke juya mota a wasan tsere. Ɗalibin da ke riƙe da Tecno ko Infinix a Babura yana yawo ne da ƙaramar na'urar auna girgizar ƙasa a aljihu, sai dai ba ta kai ta masana kaifin ji ba.

Wani zai ce ina ruwan Jigawa da girgizar ƙasa? Tambayar tana kan hanya. Ɓawon duniya a farfashe yake zuwa manyan faifai masu motsi a hankali, kuma manyan girgizoji suna aukuwa ne a inda faifai biyu ke gugar juna. Najeriya tana can cikin faifan Afirka, nesa da bakinsa. Amma akwai tsofaffin tsagogi a cikin duwatsun ƙarƙashinta, irin wadda ta taso daga Ifewara ta nufi Zungeru. Ƙasa ta motsa a Kwoi ta Jihar Kaduna a Satumban 2016, ta motsa a Mpape da ke Abuja a Satumban 2018, ta sake a 2024. Ƙanana ne, amma sun isa su fitar da mutane daga ɗakunansu.

Walƙiya kafin tsawa

Idan dutse ya goce a kan tsaga, kaɗawa iri biyu ke fita. Ta farko, wadda masana ke yi wa laƙabi da P, tana gudun kusan kilomita 6 a daƙiƙa, kuma ba ta cika ɓarna ba. Ta biyu, wato S, tana tafiyar kusan kilomita 3.5 a daƙiƙa, ita ce mai jijjiga gini. Kamar walƙiya da tsawa ne: ana ganin ɗaya, sai a jira ɗayar. Saƙon intanet kuwa ya fi su duka gudu nesa ba kusa ba. A kan wannan tazara aka gina dukkan tsarin gargaɗi.

A 2020 Google ya fara amfani da wayoyin Android don wannan aiki. Wayar da ke ajiye a kan caji, ba a hannu ba, idan ta ji motsin da ya yi kama da P sai ta aika sigina zuwa sabar kamfanin tare da kwatancen yankin da take. Waya ɗaya ba hujja ba ce, don ƙila ƙofa aka buga ko tirela ce ta wuce. Sai wayoyi masu yawa a yanki ɗaya sun yi rahoto lokaci guda sabar ke ƙiyasta wuri da girma. Idan ƙiyasin ya kai maki 4.5, sai ta tura gargaɗi. Akwai mai sauƙi da ke shigowa kamar sanarwar yau da kullum, akwai kuma mai tsanani da ke mamaye allo ya yi ƙara ko da an hana waya damun mai ita.

Ga lissafi na misali. A ce an ɗauki daƙiƙa 5 kafin sabar ta tabbatar. Mutumin da ke kilomita 70 daga tushen girgizar, S za ta iso masa bayan daƙiƙa 20, ke nan yana da wajen daƙiƙa 15 na shiga ƙarƙashin tebur ko matsawa daga jikin katanga. Wanda ke kilomita 10 kuwa, cikin daƙiƙa 3 ta riske shi, kafin wayarsa ta ce uffan. Wanda ya fi kowa buƙatar gargaɗin shi ne ba ya samunsa, kuma babu manhajar da za ta iya gyara wannan.

Abin da ake kafawa a bakin tsaga

Shi ya sa masana ba su dogara da waya ba. Kusa da tsaga mai motsi suna binne na'urorin auna girgiza a cikin rijiyoyi masu zurfi, inda hayaniyar motoci ba ta kaiwa, su kafa na'urorin GPS da ke gane gocewar 'yan milimita a shekara, sannan tauraron ɗan'adam irin Sentinel-1 na Turai ya riƙa kwatanta hotunan rada don ganin inda ƙasa ta kumbura ko ta lotsa.

Wurin da ya fi shahara da wannan shi ne Parkfield, wani ƙauye a kan tsagar San Andreas a Kalifoniya. Ganin ana samun girgiza mai maki 6 a wurin lokaci zuwa lokaci, masana suka yi hasashen wata za ta zo kafin 1993, suka cika yankin da na'urori, suka zauna jira. Ba ta zo ba sai 28 ga Satumba, 2004, kuma ba ta aiko da wata alama bayyananniya ba. Har rami mai zurfin kusan kilomita 3 aka haƙa don a taɓo tsagar da kanta. An koyi abubuwa da yawa game da yadda dutse ke gocewa, amma har yau babu mai iya faɗin rana da sa'a. Saboda haka duk saƙon WhatsApp da ya ce za a yi girgiza gobe da dare, ƙarya ce tsagwaronta. A Janairun 2010 irin wannan jita-jita ta sa mutane da yawa a Ghana suka kwana a waje.

Tsarin wayoyin ma yana tuntuɓe. Ranar 6 ga Fabrairu, 2023, girgiza mai maki 7.8 ta afka wa Turkiyya da Siriya, mutane sama da 50,000 suka rasu. Tsarin Google ya ɗauka ba ta kai maki 5 ba, don haka gargaɗi mai tsanani bai kai ga ko wayoyi 500 ba, a yankin da miliyoyi ke barci. A Fabrairun 2025 kuma ya tayar da mutanen Sao Paulo da ke Brazil a kan girgizar da ba a yi ba.

A Najeriya, cibiyar da ke Toro a Jihar Bauchi, ƙarƙashin hukumar NASRDA, ita ke kula da tashoshin auna girgiza a wurare irin su Kaduna, Ile-Ife da Nsukka. Tashoshin sun yi kaɗan ga ƙasa mai wannan faɗi. Ana buƙatar aƙalla tasha uku kafin a iya nuna tushen girgiza, kuma idan suna nesa, ƙananan motsi sai su wuce ba a rubuta su ba.

Gwaji a gida

Mai son gani da ido ya sauke Phyphox, manhaja ce ta kyauta daga wata jami'a a Aachen ta Jamus. Ya kwantar da waya a kan siminti ya buɗe ma'aunin motsi. Zai ga lamba kusa da 9.8 a ɗaya daga cikin layukan uku, wannan jan ƙasa ne. Wani ya yi tsalle a gefe, layin zai harba. Kusa da injin niƙa kuwa ba zai huta ba.

Ga mai koyon rubuta manhaja, dabarar ganowa ba ta da wuya: a ɗauki matsakaicin motsin daƙiƙa ɗaya ta ƙarshe, a raba da matsakaicin na daƙiƙa 30 da suka shige. Idan amsar ta haura ninki uku ko huɗu, wani abu ya faru. Tashoshin gaske sun daɗe suna aiki da wannan lissafi. Manhajar tana fitar da bayanan a fayil da Python zai iya karantawa, don haka ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Babura ko na kwalejin Hussaini Adamu a Kazaure za su iya mayar da shi aikin ƙarshen zango: waya ɗaya a kan dutsen Kazaure, ɗaya a kan rairayin Babura, a kwatanta yadda kowace ƙasa ke amsa wucewar babbar mota.

Gargaɗin kansa ana dubansa a Settings, ƙarƙashin Safety & emergency, sai Earthquake alerts. Ba kowace ƙasa aka kunna wa shi ba, kuma ba ya aiki sai da data ko Wi-Fi, tare da barin waya ta san wurin da take.