Amsoshin Tambayoyinku: 'Yan Sanda da Sirrin Ɗakin Mutum

Wani mai sauraronmu daga Zariya na tambaya: shin a Amurka 'yan sanda na iya kama mutum saboda fina-finan batsa da suka tarar a gidansa?

To Malam, mun gode. Amsar na cikin hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1969. 'Yan sanda sun shiga gidan Robert Stanley a jihar Jojiya da takardar izinin neman shaidar caca. Ba su samu abin kirki ba, sai faifan fim uku a cikin durowar tebur a ɗakin kwanansa. Suka kunna, suka ga na batsa ne, aka yanke masa ɗaurin shekara guda.

Kotun Ƙoli ta soke hukuncin. Mai Shari'a Thurgood Marshall ya bayyana cewa hukuma ba ta da hurumin zaɓa wa mutum abin da zai kalla shi kaɗai a cikin gidansa.

Amma fa kariyar tana da iyaka. Ba ta shafi sayarwa ko rarrabawa ba, kuma a 1990 kotun ta amince a hukunta duk wanda ya mallaki hotunan batsa na yara.

Batsa mugun abu ce, Malam, sai dai alfarmar gida ma abar kiyayewa ce. Allah ya tsare mana zuri'a.