Ɓarakar Tsaro a Manhajojin Kunna Bidiyo

Gabatarwa

Wannan darasi ya shafi wata matsala ta fasahar sadarwa wadda ya kamata ɗalibi mai koyon aikin malanta ya sani, tun da yake bidiyo ya shiga sahun kayan koyarwa. Matsalar ita ce yadda fayil ɗin bidiyo kan zama hanyar da wani mutum da ke nesa zai bi ya mallake waya ko kwamfutar da ba tasa ba.

Ma'anar ɓaraka

Ɓaraka a wannan fage tana nufin kuskuren da aka bari a cikin manhaja tun lokacin rubuta ta, wanda mai kutse zai iya amfana da shi. Wasu masu fassara kan ce "rauni" ko "kafa", amma "ɓaraka" ta fi dacewa, domin Bahaushe ya san ɗinke ta ake yi, kuma ɗinkin ne kamfanoni ke aikowa da sunan sabuntawa.

Yadda take aukuwa

Fayil ɗin bidiyo ba hoto da sauti kawai ya ƙunsa ba. Yana ɗauke da bayanan da ke faɗa wa manhaja girman kowane sashe nasa. Da wannan bayani manhaja ke dogara ta keɓe wa sashen gurbi a ma'adanar na'ura. To, idan ba a koya wa manhajar ta tantance gaskiyar bayanin ba, mai kutse na iya ƙera fayil mai faɗin ƙarya. Sai a tanadi mudu, alhali hatsin buhu ne ke tafe. Abin da ya zube zai malale a kan guraben da ke maƙwabtaka, waɗanda a cikinsu akwai inda na'ura ke ajiye umarnin abin da za ta yi a gaba. Idan mai kutsen gwani ne, yakan tsara abin da zai zube ɗin ya zama umarninsa. Daga nan na'ura ta koma yi masa biyayya, ba tare da ya taɓa ta da hannunsa ba.

Misali

A watan Yuli na 2015, kamfanin tsaro na Zimperium ya bayyana cewa mai bincikensa Joshua Drake ya gano irin wannan ɓaraka a sashen Android mai sarrafa bidiyo da sauti, wanda ake kira Stagefright. An ƙiyasta ta shafi na'urori kimanin miliyan 950. Abin tsoro a nan shi ne mai kutse ba ya bukatar komai sai lambar waya. Zai aika da saƙon MMS mai ɗauke da gurɓataccen bidiyo, kuma da yake wasu manhajojin saƙo kan fara sarrafa bidiyo da zarar ya iso, ɓarna na iya aukuwa mai wayar yana barci.

Google bai jima ba ya samar da gyara, sai dai isar gyaran ga jama'a ya rataya ne a wuyan kamfanonin ƙera waya da na sadarwa, waɗanda da yawansu suka yi jan ƙafa. Wannan ne ya sa a watan Agusta na 2015 Google da Samsung suka yi alkawarin fitar da sabuntawar tsaro wata-wata. A 2016 kuma, Android 7.0 ya rarraba aikin sarrafa bidiyo gida-gida, don kada ɓarakar sashe ɗaya ta buɗe sauran. Duk da haka matsalar ba ta ƙare ba: a watan Nuwamba na 2019, Facebook ya sanar da makamanciyarta a WhatsApp, wadda fayil ɗin MP4 ke iya tayarwa.

Abin da ya rataya a wuyan malami

Nasihar da aka saba yi, wato kada a buɗe saƙon baƙo, ba ta wadatar ba, kamar yadda misalin Stagefright ya nuna. Abin da ya fi muhimmanci shi ne karɓar sabuntawa da zarar ta zo, da kuma kashe tsarin sauke bidiyo kai tsaye a manhajojin saƙo. Wayar da kamfaninta ya daina aiko mata da gyara kuwa, ko da tana aiki lafiya lau, bai dace malami ya ajiye sakamakon jarrabawa ko lambobin iyayen yara a cikinta ba.

Aiki

Ɗalibi ya tsara bayanin minti 5 da zai yi wa 'yan ƙaramar sakandare a kan yadda ɓaraka ke aukuwa, da kwatancen da ba na mudu da buhu ba.