Yadda Za Mu Horar da Kunnen Matasanmu Su Ji Turanci

'Yan'uwa, a zagayen da muka yi wa ikilisiyoyi bayan girbi, daga wajen Bichi zuwa Tsanyawa da Ɗambatta, iyaye sun yi ta kawo mana kuka iri ɗaya. Yaro ya gama sakandare, ya ci Turanci a WAEC ko NECO, an sayar da gero da akuya an kai shi kwaleji, sai ya dawo hutun farko jikinsa a sanyaye. Wata yarinya ta gaya mana cewa a makonninta na farko, in malami yana magana ji take kamar ruwan sama a kan kwano. Ta iya karanta littafi sarai. Amma ranar da shugaban aji ya sanar an sauya lokacin gwaji, ba ta gane ba, kunya kuma ta hana ta tambaya. Gwajin ya wuce ta.

Wannan ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne. Yaranmu da ido suka koyi Turanci. A gida Hausa, a kasuwa Hausa, a sujada Hausa, a aji ma sau da yawa malami yakan rubuta Turanci a allo ya yi bayani da Hausa. Ko takarda ta uku ta Turancin WAEC, wadda ta shafi furuci, a Nijeriya zaɓen amsa ake yi a rubuce, tambayoyi 60, ba a kunna wa ɗalibi muryar kowa. A Gana da Gambiya da Saliyo kuwa sauraro ake yi. To, in yaronmu ya shiga Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi, ko Kwalejin Noma ta Audu Bako a Ɗambatta, ko Jami'ar Bayero, zai zauna da 'yan Filato da Binuwai da Kudu, kowa da irin harshensa, suna magana da sauri, wani lokaci ma haɗe da buroka.

Bari mu ga inda kunnen Bahaushe yakan yi tuntuɓe. A Hausa ba mu raba "p" da "f", shi ya sa "pull" da "full" sukan zo mana kamar abu ɗaya. Ba mu da "v", sai "vote" ya koma "boat". Wanda ya fi jawo asara shi ne lissafi. "Fifteen" 15 ne, "fifty" 50 ne, bambancin kuwa yana a ƙarshen kalmar, ga shi a guje ake faɗarsa. A kan wannan kaɗai ɗalibi zai iya shiga ɗakin da ba nasa ba, ko ya kira gida a aiko masa da kuɗin da ba su ne aka ce ba. Amma muna da tamu baiwar. Kunnen da ya raba garin da ake zama a ciki da garin tuwo zai raba "fill" da "feel" ba da daɗewa ba, in dai an nuna masa cewa jan wasali ne.

Ga abin da ikilisiya za ta iya yi ba tare da kashe kuɗi ba. A tara matasa shida zuwa takwas bayan an tashi sujada, rabin awa ya isa. A roƙi ɗalibai biyu da suka zo hutu, ko ɗan bautar ƙasa da ke makarantar kusa, su ɗauki muryarsu a waya suna irin hirar da ɗalibai suke yi kullum: aron littafin rubutu, tambayar ɗakin darasi, kuɗin rajista, gardama a layin famfo. Kada ta wuce minti ɗaya, kuma su yi magana yadda suka saba, kada su ja ta kamar masu karatu a gaban jama'a. Mun fi son ɗan bautar ƙasa daga Kudu, don irin muryar da yaranmu ba su saba da ita ba ke nan.

A kunna hirar sau uku. Da farko a tambaya kawai: su wa ke magana, a ina suke, a kan me? Na biyu, kowa ya rubuta duk wata rana, lokaci ko kuɗi da ya ji. Na uku, a riƙa tsayarwa jimla jimla ana maimaitawa. Kada a ba su hirar a rubuce sai a ƙarshe. Mun gwada bayarwa da fari, sai kowa ya sunkuya a kan takarda, kunne ya tafi hutu. In sun ƙware a wannan, wanda ya shiga gari ya sauko da shirin BBC mai suna 6 Minute English, a tura wa juna ta Bluetooth.

Akwai jimla ɗaya da muke so kowane yaro ya faɗa da ƙarfi a kowane zama: "Please, say it again slowly." Ma'ana, don Allah a sake faɗa a hankali. Tarbiyyarmu ta koya wa yaro ya sunkuyar da kai ya ce "to" in babba ya yi magana, kuma abu ne mai kyau. Amma a kwaleji wannan "to" ɗin ne ya sa yarinyar nan ta rasa gwajinta. Don haka mai jagora ya hana dariya in wani ya yi kuskure, shi ma ya riƙa tambaya a gabansu.

Muna roƙon zumuntar mata su sa baki a zaɓen lokaci. In an sa shi da yamma lis, 'yan mata suna wajen ɗiban ruwa da girki, samari kaɗai za a gani. A kuma naɗa mutum ɗaya da zai kai wayar caji tun ranar Asabar.