YARO YANA MAGANA TUN KAFIN BAKINSA YA BUƊE

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa, sau da yawa nakan ji iyaye suna cewa, "Ai bai fara magana ba tukuna." Ni kuwa nakan ce ya fara, mu ne ba mu koyi yarensa ba. Tun wajen wata 9 zuwa 12 yaro yake nuna abu da yatsa, ya miƙa hannu a ɗauke shi, ya kawar da kai idan ya ƙoshi. Kalmar farko takan zo wajen shekara 1, haɗa kalma biyu kuma wajen shekara 2. Amma fahimtarsa ta riga harshensa nisa. Ka ce masa "kawo takalmin Baba", zai kawo, alhali ko "takalmi" bai iya faɗa ba. Da yawa daga birgima da ihun da muke kira rigima daga nan suke fitowa: yana da abin faɗa, bakin ya gaza, mu kuma mun daka masa tsawa.

Ku dubi yadda Manzon Allah (SAW) ya yi da masu wannan shekarun. Hasan ɗan Ali yana ƙarami ya ɗauki dabinon sadaka ya sa a baki. Kakansa ya ce masa "kikh, kikh", kalmar da ake hana yara ƙazanta da ita kamar yadda Imam Nawawi ya bayyana, sannan ya gaya masa dalili, cewa gidansu ba sa cin sadaka. Ya fara da abin da yaron zai gane nan take, ya biyo da cikakkiyar magana. Haka Ummu Khalid, yarinyar da aka haifa a Habasha: da ya yaba tufarta, da kalmar Habashanci ya yaba. Imam Bukhari ya kawo hadisan biyu a babi ɗaya. Kuma ya tabbata yakan taƙaita sallah idan ya ji kukan yaro, don tausayin uwarsa. Liman ne da jama'a a bayansa, amma kukan bai wuce kunnensa ba.

To mu fa? Idan ya nuna randa ya ce "yuwa", kada ki miƙa masa kofi kina kallon waya. Ki dube shi, ki ce, "Ruwa kake so? Ga ruwa. Ce Bismillah." Ba sai kin ce ya yi kuskure ba, ya ji daidai daga bakinki, ya isa. Kuma a ba shi lokaci ya amsa. Wasunmu garaje ne da mu, kafin yaro ya haɗa kalmarsa yayyensa sun amsa masa. Wannan aikin ba na uwa kaɗai ba ne. Malam, minti goma da za ka zauna da shi a tabarma bayan Magariba ba zai rage maka girma ba.

Wayar nan kuma da muke ba su don su yi shiru. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allo. Ko karatun Alƙur'ani ka kunna masa, alheri ne, amma waya ba ta amsa masa idan ya yi gwaranci.

A kiyayi yi masa ƙarya. Abu Dawud ya ruwaito cewa mahaifiyar Abdullahi ɗan Amir ta kira shi da alkawarin za ta ba shi wani abu, Annabi (SAW) ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya. "Zo ka karɓi alawa" da hannu wayam yana koya masa cewa kalma ba ta da nauyi.

A Suratun Nahli, da Allah Ya ambaci fito da mu daga ciki ba mu san komai ba, ji Ya fara lissafawa. Don haka idan yaro ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ko ya kai wata 18 babu kalma ko ɗaya, ko ya daina faɗin abin da ya iya, musamman bayan sanƙarau ko ciwon kunne mai ruwa, kada a zauna ana cewa nauyin baki ne na gado, ko a ɗora wa aljanu. A yi masa addu'a, a kuma kai shi asibiti a auna jinsa tun da wuri.

Allah Ya raya mana su bisa Sunnah.