Direban Da Ake Zargi Da Maye, Yana Da Haƙƙi?



Makon jiya bayan sallar Isha'i wani bawan Allah ya tare ni a ƙofar masallaci. Ƙaninsa direban tasi ne, ya buge mai babur, jama'a suka ce sun ji warin giya a bakinsa, suka yi masa lilis kafin 'yan sanda su iso. Ya ce: "Malam, wanda ya sha giya yana da sauran haƙƙi kuwa?"

Haramcin giya ba abin jayayya ba ne, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta yanke magana. Kuma hukuncin bai tsaya a kwalba ba. Duk abin da ke gusar da hankali ya shiga ciki: tiramol, wiwi, da maganin tari mai kodin da gwamnatin Najeriya ta hana sarrafawa a 2018. Wanda ya bugu ya hau sitiyari ya haɗa laifi biyu, saɓon Allah da jefa rayukan mutane cikin haɗari. Idan ya kashe rai, maye ba zai zama masa uzuri ba, akwai diyya da kaffara. Dokar hanya ma ta sa iyaka, giram 0.05 na barasa a kowane mililita 100 na jini, kuma jami'an FRSC suna da na'urar da ake hura wa iska don aunawa.

To amma fa zargi daban, tabbaci daban. A fiƙihu haddin shan giya, bulala 40 ko 80 bisa saɓanin malamai, yana tabbata ne da iƙirarin mutum ko shaidar adilai biyu. Batun wari kuwa an yi saɓani. Imam Malik ya karɓe shi idan adilai biyu da suka san warin suka shaida a gaban alƙali. Abu Hanifa da Shafi'i suka ce wari kaɗai bai isa ba, don yana iya kama da warin wani abu. Ni kaina na taɓa ganin mai ciwon suga da sugansa ya faɗi yana tangaɗi, maganarsa tana harɗewa, wallahi sai ka rantse a buge yake. Ko a mazhabarmu ta Malikiyya, alƙali ne mai hukunci, ba 'yan kallo a bakin titi ba. Har wanda laifin ya tabbata a kansa, Bukhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya hana a la'anci wani sahabi da aka sha yi wa bulala saboda giya.

Tsarin mulkin 1999 ma haka ya tafi. Sashe na 36 ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har kotu ta tabbatar. Sashe na 35 ya ba shi damar yin shiru har ya gana da lauya, kuma a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a kusa, in babu, kwana biyu.

Abin da na faɗa wa mai tambayar: su nemi lauya, su tambayi ko an auna ƙaninsa da na'ura ko a asibiti, kar ya sa hannu a takardar da bai karanta ba. Sannan su je su duba mai babur ɗin, su ɗauki nauyin maganinsa, ko da maye ko babu.

Wallahu a'alam.