Kada Ka Kankare Tsohuwar Azurfa

Wanda ya gaji ko ya sayi tsohuwar butar shayi, tire ko cokulan azurfa na Turai masu cunkoson zane, abin da ke fara tsone masa ido shi ne baƙin da ya lulluɓe su. Sai ya ɗauko toka da soson ƙarfe kamar zai wanke tukunya. Daga nan ɓarna take farawa.

Galibin irin waɗannan kaya na ƙarni na 19 ne, lokacin da maƙeran Ingila, Jamus da Faransa suka koma wa salon zamanin Renesans: ganyaye masu nannaɗewa, kawunan zakuna, fuskokin mutane. Duhun da ya kwanta a lungunan zanen shi ke sa zanen ya fito. Sau da yawa ma maƙerin ne ya saka shi da gangan. Idan ka kankare shi, aikin zai koma fari fat babu zurfi, darajarsa ta faɗi.

Kafin ka taɓa komai, juya kayan ka duba hatimi. Zaki mai tafiya na nufin azurfar Ingila mai kashi 925 cikin 1000, anga kuma alamar Birmingham ce. Jinjirin wata da kambi tare da lamba 800 na Jamus ne, daga 1888. In ka ga EPNS, ruwan azurfa ne kawai aka shafa a kan wani ƙarfe, dabarar da kamfanin Elkington ya yi wa rajista a 1840. Kayan EPNS su suka fi ba ni tausayi, domin guga kaɗan ke cinye shafen. A yi hattara da kayan garin Hanau na Jamus: maƙeransa sun riƙa buga hatimai masu kama da na da can, don haka kada a biya kuɗin aikin ƙarni na 16 sai masani ya duba.

Wanki kuwa, ruwan ɗumi, sabulu mara ƙarfi da tsumman auduga sun isa, a goge nan take. Man goge azurfa a tsaya da shi kan wuraren da suka taso. Kada a jiƙa wuƙaƙe a ruwan zafi, ƙaron da ke riƙe ƙotarsu zai saki.

Sinadarin salfa ne ke baƙanta azurfa, don haka a nesanta ta da ƙwai, albasa, roba da ulu. Gishiri kuwa huda ta yake yi. A naɗe kowane abu daban a ƙyallen auduga, a ajiye inda babu laima.